Nazarin Lamari: Gidan Marayun Katako na Tsibirin Buyukada, 1898 zuwa 2025

Wurin da matsalar

A cikin tekun Marmara, tafiyar kimanin awa ɗaya da rabi a jirgin ruwan fasinja daga tsakiyar Istanbul, akwai jerin tsibirai tara waɗanda Turkawa ke kira Adalar. Mafi girmansu shi ne Buyukada, wanda Girkawa ke kira Prinkipo. A kan ɗaya daga cikin manyan tuddai biyu na tsibirin, wato Tudun Isa, a tsakiyar daji, wani ginin katako yake tsaye mai ɗakuna 206, wanda idan aka haɗa faɗin dukkan benayensa zai kai kimanin murabba'in mita 20,000. Ana lissafa shi a matsayin ginin katako mafi girma a Turai, ko da yake tsibirin ya fi kusa da gaɓar Asiya ta birnin.

Daga 1903 zuwa 1964 ginin gidan marayu ne na Girkawan Istanbul mabiya Cocin Otodoks. Daga 1964 zuwa yau babu yaron da ya sake kwana a cikinsa. Matsalar da wannan nazari yake bi kashi biyu ce da suka sarƙe da juna: ruɓewar ginin, da rigimar wanda ya mallake shi.

1898 zuwa 1903: otal ɗin da bai sauki baƙo ba

Ba don marayu aka yi ginin ba. Kamfanin Wagons-Lits na ƙasar Beljiyam, mai jirgin ƙasan nan Orient Express da ke jigilar attajirai daga Faris zuwa Istanbul, shi ne ya so a gina wa fasinjojinsa wurin hutawa na bazara, otal haɗe da gidan caca, mai suna Prinkipo Palas. Aikin zayyanar ya faɗa hannun Alexandre Vallaury, wanda aka haifa a Istanbul a 1850, ya yi karatun zanen gine-gine a Faris, ya kuma rasu a 1921. Shi ne ya zana otal ɗin Pera Palas, da hedikwatar Bankin Usmaniyya, da babban ginin gidan adana kayan tarihi na birnin, saboda haka ba baƙo ba ne a manyan ayyuka. An yi ginin a tsakanin 1898 da 1899.

Da aka gama sai lasisi ya gagara. Sultan Abdulhamid na Biyu, wanda ya mulki Daular Usmaniyya ta Turkiyya daga 1876 zuwa 1909, bai yarda a buɗe gidan caca a wurin ba, kuma otal mai wannan girma a kan tudun da ke nesa da tashar jirgin ruwa ba zai iya riƙe kansa da kuɗin kwana kaɗai ba. Ginin ya zauna a rufe, masu shi suka sa shi a kasuwa.

A 1902 aka saye shi da sunan fadar shugaban Cocin Otodoks da ke unguwar Fener a Istanbul. Mafi yawan kuɗin ya fito ne daga Eleni Zarifi, matar marigayi Yorgo Zarifi, attajirin banki wanda a zamaninsa yake ba Sultan shawara kan harkar kuɗi, kuma ta bayar ne da nufin a mayar da wurin gidan marayu. Filin da aka saya tare da ginin ya haura murabba'in mita 23,000. A watan Mayu na 1903 aka buɗe gidan, aka kwaso yaran da a da ake reno a harabar asibitin Girkawa na Balikli. A shekarar ce kuma aka miƙa amfani da wurin ga wata gidauniyar waƙafi ta gidan marayun, alhali takardar mallaka tana hannun Cocin. Wannan rabuwa tsakanin mai takarda da mai amfani ba ta dami kowa ba a lokacin, amma a kanta aka yi shari'a bayan shekara casa'in da wani abu.

Yadda aka gina shi

Tsawon ginin ya kai kimanin mita 100, yana da hawa biyar, wani sashensa shida saboda gangarar tudun. In ban da tushe da ƙasan ginin da aka yi da dutse da bulo, sauran duk katako ne. Tsarin shi ne irin wanda kafintocin Istanbul suka daɗe suna yi wa gidajen zama: a kafa ginshiƙai a tsaye, a ɗora musu gungumen katako a kwance, a tokare kusurwoyi da wasu a karkace, a ɗaure komai da ƙusa. Daga waje a lulluɓe da alluna a kwance, daga ciki a jera siraran katako a shafe su da farar ƙasa. Abin da Vallaury ya yi shi ne ɗaukar wannan fasaha ta gidan iyali mai hawa biyu ko uku ya faɗaɗa ta zuwa girman da ba a saba gani ba.

Wanda ya tsaya a gaban ginin abin da zai fara lura da shi shi ne yadda fuskarsa ba a miƙe take ba. Wasu sassa na benayen sama sun turo waje, sun wuce na ƙasansu, an tallafe su da katakai a karkace kamar hannuwa, irin yadda ake yi a tsofaffin gidajen Turkawa domin ɗaki ya samu haske da iska ta ɓangarori uku. Wannan shiga da fita ita ce ta hana doguwar fuska mai ɗaruruwan tagogi ta zama kamar barikin soja. Ado a waje kaɗan ne. An ajiye shi ne don ciki, musamman babban zauren da aka tanada domin rawa da liyafa, mai ginshiƙan katako da aka sassaƙa, da silin mai murabba'ai da aka kewaye da ƙawa, da 'yan barandu a sama inda masu kallo za su zauna.

Zaɓen katako ba baƙon abu ba ne a tsibirin, inda manyan gidajen bazara na masu hali kusan duk da shi aka yi su. Kuma shekara huɗu kacal kafin a fara ginin, a ranar 10 ga Yuli 1894, girgizar ƙasa ta afka wa Istanbul, ta yi ɓarna mai yawa a tsibiran, har ta rushe ginin makarantar horar da limaman Coci a tsibirin Heybeliada da ke maƙwabtaka. Babbar tsagar ƙasa ta arewacin Anatoliya (ɓangaren Turkiyya da ke Asiya), wadda motsinta ke haddasa girgizar ƙasa, ta bi ta ƙarƙashin teku kudu da tsibiran. Ginin katako ba shi da nauyi, kuma mahaɗansa suna ɗan motsawa su koma, don haka yana jure girgiza fiye da bangon dutse marar ƙarfe. Rauninsa a wuri biyu yake, wuta da ruwa.

1903 zuwa 1964: shekarun marayu

Kusan yara 5,800 ne suka ratsa ta gidan a cikin shekara sittin da ɗaya. Ɗakunan baƙi suka zama ɗakunan kwana, aka samar da makarantar firamare, da ɗakin karatu, da babban madafi, da wuraren koyon sana'a. Ginin da aka yi domin zafin bazara ya zama wajibi a zauna a cikinsa har da hunturu, a kan tudun da iska ke dukansa ta kowane ɓangare, wanda ke nufin murhu da hayaƙi a cikin gidan da kusan komai nasa mai cin wuta ne. Duk da haka gidan ya kai 1964 a tsaye, kuma ana zaune a cikinsa.

An samu tsaiko a lokacin Yaƙin Duniya na Farko, inda aka kwashe yaran aka sauki ɗaliban makarantar soja, daga baya kuma 'yan gudun hijira, ciki har da Rashawan da suka tsere bayan juyin juya halin 1917. Bayan haka yaran suka dawo.

Abin da ya fi shafar makomar gidan a waje yake faruwa. Yarjejeniyar da aka ƙulla a Lozan a 1923 ta sa aka yi musayar jama'a tsakanin Turkiyya da Girka, amma aka keɓe Girkawan Istanbul, waɗanda a lokacin sun haura mutum 100,000. A 1935 sabuwar Jamhuriyar Turkiyya ta yi dokar waƙafi, aka kuma umarci gidauniyoyin waɗanda ba Musulmi ba su rubuta dukkan kadarorin da ke hannunsu su miƙa wa hukuma a 1936. Gidauniyar gidan marayun ta sa ginin a cikin jerin nata. Sai harajin dukiya na 1942, wanda nauyinsa ya fi sauka a kan 'yan kasuwar da ba Musulmi ba, sai tarzomar 6 da 7 ga Satumba 1955, wadda aka farfasa shaguna da gidaje da coci-coci na Girkawa a cikin birnin. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya rage yawan mutanen da gidan ke dogaro da gudummawarsu.

1964: rufewa

A watan Disamba na 1963 faɗa ya ɓarke tsakanin Girkawa da Turkawan tsibirin Kubrus. A watan Maris na 1964 gwamnatin Turkiyya ta soke yarjejeniyar 1930 da ta ba 'yan ƙasar Girka damar zama da sana'a a Turkiyya, ta fara korar su. Kimanin mutum 12,000 masu fasfon Girka aka fitar, kowa da kaya kilo 20 da ɗan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, kuma da yake matansu da 'ya'yansu da dama 'yan Turkiyya ne, adadin waɗanda suka bar birnin ya ninka haka sau da yawa.

A cikin wannan yanayi ne, a watan Afrilu na 1964, hukuma ta ba da umarnin a fitar da yaran daga gidan. Dalilin da aka bayar a rubuce shi ne tsaro, wato haɗarin gobara. Aka raba yaran zuwa wasu gine-ginen Coci a tsibirin, aka ci gaba da renonsu a can na wasu shekaru har abin ya mutu. Ba a ba ginin wani sabon aiki ba. Aka kulle ƙofa, aka bar mai gadi.

1964 zuwa 1997: gida ba kowa

Katako ba ya ruɓewa don tsufa kawai. Yana ruɓewa ne idan danshin da ke cikinsa ya haura kimanin kashi 20 cikin ɗari kuma ya daɗe a haka, domin a lokacin ne funfuna da sauran ƙwayoyin da ke cin itace suke samun wurin zama. Muddin rufi yana tare ruwa kuma iska tana ratsa ɗakuna, ginshiƙi zai iya yin ɗaruruwan shekaru.

A gidan da babu mutane, lalacewar tana bin hanya sananniya. Iskar kudu maso yamma da mutanen Istanbul ke kira lodos takan zo da ƙarfi a hunturu, ta zame tayil ɗaya ko biyu daga rufi. Ganyen itatuwan da ke kewaye ya toshe indararo, ruwa ya taru ya koma ciki. Ruwan ya fara sauka a kan kawunan ginshiƙai, inda katako ya fi saurin tsotsa, ya bi mahaɗai ya zauna a cikinsu. Iskar teku mai gishiri ta sa ƙusoshi su yi tsatsa, mahaɗin da ke riƙe da gungume ya saki, daɓen bene ya lotsa, nauyin da yake ɗauke da shi ya koma kan ginshiƙin da ke kusa, wanda ba a yi shi don ya ɗauki kaya biyu ba. Firam ɗin taga ya karkace, gilashi ya fashe, ruwan sama ya samu sabuwar ƙofa daga gefe. Duk wanda ya tashi a gidan soro ya san wannan lissafi, domin soron da aka yi wa yaɓe aka share masa indararo kafin damina yakan ga jikoki, wanda aka bari damina biyu ko uku kuwa azararsa ce ke fara faɗowa. Bambancin kawai shi ne a nan ana maganar ɗakuna 206.

Hotunan cikin gidan da aka ɗauka a shekarun baya suna nuna wannan tafiya a fili: farar ƙasa ta zube ta bar siraran katako a tsirara, silin ɗin babban zauren ya buɗe a wurare, bencinan ɗalibai suna nan a ƙarƙashin ƙura da tarkace.

A 1980 gobara ta taɓa ginin, ta ƙara masa rauni, ko da yake ba ta cinye shi ba. A duk tsawon wannan lokaci takardar mallaka tana hannun Cocin, amma Cocin ya sha kokawa cewa ba a ba shi damar yin gyara ba, kuma ginin tarihi irin wannan ba a taɓa shi sai da amincewar hukumar kula da kayan tarihi. Ga shi kuma hulɗar Cocin da gwamnati ta yi tsami: a 1971 aka rufe makarantar limamai ta Heybeliada, a 1974 kuma babbar kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa jerin kadarorin 1936 shi ne iyakar abin da gidauniyoyin tsiraru za su iya mallaka, hukuncin da ya sa aka ƙwace kadarori da yawa da suka samu bayan wannan shekara.

1997 zuwa 2005: shari'a a kotunan Turkiyya

A 1997 Babbar Hukumar Waƙafi ta Turkiyya ta yanke cewa gidauniyar gidan marayun ta daina aikin alherin da aka kafa ta dominsa, don haka ta sauke masu kula da ita ta karɓi ragamarta. A 1999 hukumar, a madadin gidauniyar da yanzu take hannunta, ta shigar da ƙara tana neman a soke takardar mallakar Cocin a rubuta ginin da sunan gidauniyar. Hujjarta ita ce an sayi wurin ne domin marayu, kuma gidauniyar ta lissafa shi a cikin kadarorinta a 1936. A watan Agusta na shekarar ce girgizar ƙasar Izmit, wadda ta kashe fiye da mutum 17,000, ta jijjiga yankin Marmara baki ɗaya. Ginin ya tsaya.

Cocin ya kare kansa da cewa shi ya saya, sunansa ne a rajistar filaye, kuma amfani kawai ya ba gidauniyar. Amma yana da wani rauni da ya daɗe yana ɗauke da shi: dokar Turkiyya ba ta ɗauki fadar Fener a matsayin hukuma mai zaman kanta da za ta iya mallakar kadara da sunanta ba, kadarorin al'ummar Girkawa a hannun gidauniyoyi suke. An kai ruwa rana, shari'ar ta hau ta sauko, daga ƙarshe babbar kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da soke takardar a 2004, aka kuma rufe ƙofar sake duba hukuncin a 2005. Ba a biya Cocin ko kwabo ba. Ginin ya koma ƙarƙashin hukumar gwamnati, kuma komawar ba ta zo da wani aikin gyara ba.

2005 zuwa 2010: Strasbourg

A 2005 Cocin ya kai ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg a Faransa. Turkiyya mamba ce a Majalisar Turai (Council of Europe), wadda kotun ke ƙarƙashinta kuma daban take da Tarayyar Turai, ta kuma amince da hurumin kotun. Ƙarar ta tsaya ne a kan sashe na farko na ƙari na farko da aka yi wa Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, wanda ke kare haƙƙin mallakar dukiya.

A ranar 8 ga Yuli 2008 kotun ta yanke cewa an keta wannan haƙƙi. Ta lura cewa tun daga sayen wurin a 1902, har bayan jerin 1936, babu kotu ko hukumar da ta ƙalubalanci mallakar Cocin sai a ƙarshen shekarun 1990, kuma ko da an keɓe wurin don wani aiki na musamman, raba mai takarda da kadararsa ba tare da diyya ba ya wuce gona da iri. Ta jinkirta batun yadda za a gyara ɓarnar. A ranar 15 ga Yuni 2010 ta dawo kansa, ta umarci Turkiyya ta sake rubuta ginin da sunan Cocin a cikin wata uku, ta biya yuro 6,000 na diyya da yuro 20,000 na kuɗin shari'a.

Gwamnati ta bi umarnin. A ƙarshen Nuwamba 2010 aka miƙa takardar mallaka, da sunan fadar Cocin a rubuce. Wannan ya faru ne a lokacin da Turkiyya ke tattaunawar shiga Tarayyar Turai, wadda aka fara a Oktoba 2005, bayan sabuwar dokar waƙafi ta 2008, kuma 'yan watanni kafin dokar Agusta 2011 da ta buɗe hanyar mayar wa gidauniyoyin tsiraru wasu kadarorinsu.

2010 zuwa 2025: takarda a hannu, aljihu ba nauyi

Shugaban Cocin, Bartholomew na Ɗaya, wanda ke kan kujerar tun 1991 kuma ya yi suna wajen kira ga kare muhalli, ya bayyana burinsa na mayar da ginin cibiyar nazarin muhalli da tattaunawa tsakanin addinai. Sai dai al'ummar da a da ta ciyar da gidan ta koma mutum dubu biyu zuwa uku, yawancinsu tsofaffi, kuma cibiya irin wannan cin kuɗi take yi, ba ta kawowa.

Aka juya ga neman idon duniya. A 2012 Asusun Kula da Gine-ginen Tarihi na Duniya da ke New York ya sa gidan a jerin wuraren da ke cikin haɗari. A 2018 ƙungiyar Europa Nostra mai kare kayan tarihin Turai, tare da cibiyar Bankin Zuba Jari na Turai, ta sa shi cikin wurare bakwai mafi fuskantar barazana a nahiyar, tana mai nuna cewa wasu sassan rufin da wasu ginshiƙan kusurwa sun riga sun faɗi. Masana suka ziyarci wurin, rahotonsu ya fito a 2019. Ya raba aikin gida biyu: matakin gaggawa na tare ruwa, tokare sassan da suka raunana da rage haɗarin gobara, wanda aka ƙiyasta a kan kusan yuro miliyan 2, da cikakken gyara wanda ba zai gaza yuro miliyan 40 ba. Shiga waɗannan jeri ba ya zuwa da kuɗin gini, abin da yake kawowa shi ne shawarar masana da labari a jaridu.

A 2020 wani kamfanin ƙaramar hukumar birnin Istanbul ya auna ginin da na'urar laser da jirage marasa matuƙi, aka fitar da cikakken zanen halin da yake ciki. Hanyar ta dace da wurin, domin akwai benayen da mutum ba zai taka ba. Ko kai kayan aiki wurin ma wani aiki ne: komai sai ya tsallaka teku, sa'an nan ya hau tudu a tsibirin da aka hana mutane hawa motocinsu na gida, inda har zuwa 2020 keken doki ne abin hawa.

A tsakiyar 2025 majalisar manyan limaman Cocin ta sanar cewa, bayan ƙoƙarin samo kuɗin gyara ya ci tura, ta amince a nemi masu zuba jari domin a yi amfani da wurin a harkar yawon buɗe ido, wato a koma ga otal.

Hukunci

Dalilin da aka bayar na rufe gidan a 1964 ba ƙarya ba ne a kan kansa. Yara masu yawa a ginin katako mai hawa biyar, a tsakiyar daji, nesa da masu kashe gobara, abin tsoro ne a kowace ƙasa. Amma haɗarin yana nan tun 1903, kuma watan da aka zaɓa a tuna da shi, ana tsakiyar korar Girkawa daga birnin, ya sa da wuya a raba umarnin da rikicin Kubrus. Ko da an ɗauka tsaron yaran ne kaɗai manufa, umarnin ya fitar da yara ne bai ce komai a kan ginin ba, alhali tare da yaran aka fitar da mutanen da ke ganin yoyo a ranar da ya fara. A ganina nan ne ainihin ɓarnar ta faru, shekara talatin da uku kafin a fara rigimar takarda.

Shari'ar cikin gida ta faɗi ne saboda an yi ta a filin da Cocin ba shi da ƙafar tsayawa. Hukuma ce ta rufe gidan, sa'an nan hukuma ta kafa hujja da cewa gidauniyar ba ta renon marayu ta karɓe ta, sa'an nan ta yi ƙara da sunan gidauniyar. Kowane mataki yana da madogara a doka idan aka dube shi shi kaɗai, sai an jera su ne ake ganin inda aka nufa.

Ƙarar Strasbourg ta yi nasara saboda an taƙaita ta. Ba a nemi kotun ta warware matsayin Cocin a dokar Turkiyya ba, ko ta yi hukunci a kan 1955 da 1964. Tambayar ita ce ko an karɓe kadarar da ke da rajista ba tare da diyya ba, kuma amsarta tana cikin takardun gwamnati da kanta. Abu na biyu shi ne kotun ta ce a mayar da ginin ne, ba a biya kuɗinsa ba, domin da diyya aka yanke da an biya an riƙe wurin. Na uku shi ne lokaci: hukuncin ya sauka a shekarun da gwamnatin Turkiyya ke son a ga tana gyara dangantakarta da tsiraru, shi ya sa aka aiwatar da shi cikin watanni, abin da ba kowane hukuncin kotun ke samu ba.

Sai dai abin da aka ci a Strasbourg takarda ce, kuma shekara takwas bayan karɓarta rufin yana buɗe. A nan ba gwamnati kaɗai ke da alhaki ba. An daɗe ana maganar abin da ginin zai zama, alhali rahoton 2019 ya nuna cewa kuɗin tare ruwa kashi ɗaya ne cikin ashirin na kuɗin cikakken gyara, kuma kowane hunturu da ya wuce yana ƙara wa babban adadin nauyi. Neman yuro miliyan 40 don cibiyar da ba ta da kuɗin shiga abu ne mai wuya a wurin kowane mai bayarwa, neman miliyan 2 don rufin wucin gadi kuwa abu ne da ya kamata a fara da shi tun 2011.

Shawarar 2025 ta magance matsalar da ta kayar da shirin cibiyar, domin otal yana iya biyan kafinta duk shekara. Tana kuma da nata haɗarin. Ƙa'idojin gobara da na girgizar ƙasa da ake gindaya wa otal a yau za su buƙaci matakalar tsira, da bangaye masu tare wuta, da bututun ruwa, da banɗaki a kowane ɗaki, kuma hanya mafi sauƙi ga mai zuba jari ita ce ya kafa sabon gini na ƙarfe ko kankare ya lulluɓe shi da alluna masu kama da na da. Sharuɗɗan da Cocin da hukumar kula da kayan tarihi za su sa a yarjejeniyar, musamman kan yawan ginshiƙan Vallaury da dole a bari a inda suke a gyara su, su ne za su nuna ko ginin 1899 aka ceto ko kuwa filinsa.